Ƙyallen Da Muke Sharewa, A Ingila Cikin Gilashi Ake Ajiye Shi

'Yan uwana mata, musamman ku da kuke ajin koyon ɗinki da saƙa a makaranta, da ku da kuke taɓa keke a gida bayan an gama aikace-aikace, filinmu na wannan wata naku ne. Kowace shekara akwai waɗanda Allah ke buɗe wa hanyar zuwa Ingila. Wata karatu ya kai ta, wata rakiyar maigida, wata kuma hutu ta je wurin yayarta. Idan sun dawo za ki ga akwati cike da leshi da takalma da jakunkuna da turare. Wannan ba laifi ba ne. Sai dai kuma duk macen da ta san daɗin allura da zare, idan ta je ƙasar nan ta dawo da tsarabar kanti kawai, to wallahi ta baro rabin tafiyarta a can.

Shawarar da zan ba ki guda ɗaya ce, sauran duk reshenta ne: ki fara ciyar da idonki kafin ki buɗe jakarki. Gidan tarihi tukuna, kasuwa daga baya. Wadda ta fara da kasuwa, duk yadin da ya yi mata murmushi sai ta saya, ta dawo gida da tarkacen da babu guda biyu da suka dace da juna, kuɗi sun tafi, akwati ya yi nauyi, ɗinki kuma bai yiwu ba. Wadda kuwa ta fara ganin aikin magabata ta riga ta san abin da take son ɗinkawa, da launin da take nema, da adadin da zai ishe ta.

Mene Ne Bargon Haɗi?

Turawa suna da wani irin ɗinki da suke kira kwilt, mu kira shi bargon haɗi. Hawa uku ne. Na sama ƙananan ƙyallaye ne da ake yankawa a harhaɗa su ba da wani zane, na tsakiya auduga ce ko ulu da aka shimfiɗa, na ƙasa kuma falle ɗaya ne na yadi. Sai a bi duka ukun da ƙananan ɗinki a tamke su wuri guda. Idan kin taɓa zuwa kallon hawan salla kin ga 'yan lifida, to kin san wannan ɗinki, domin lifidi ma yadi ne da aka cusa wa auduga aka bi shi da ɗinki layi-layi. Bambancin kawai shi ne namu ya tafi fagen fama yana tare kibiya, nasu kuma ya hau gado yana tare sanyi.

Landan: Fara Daga Nan

Ki shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ki sauka a tashar South Kensington. Tafiya kaɗan za ki iske gidan tarihin Victoria da Albert, wanda kowa ke kira V&A. An kafa shi a 1852, kuma shiga kyauta ne, sai dai in akwai wani baje koli na musamman. A cikin abin da suka mallaka akwai ɗaya daga cikin barguna mafiya tsufa da suka rage a duniya, wato bargon Tristan, wanda aka ɗinka a tsibirin Sisili na ƙasar Italiya tsakanin 1360 da 1400. Tsawonsa ya haura mita 3. Farin lilin ne aka cusa wa auduga, aka fitar da jiragen ruwa da fadoji da mayaƙa da zare fari da ruwan ƙasa. Ku masu son labarin soyayya, ga naku: Tristan saurayi ne da kawunsa sarki ya aika ya ɗauko masa amarya daga wata ƙasa, a hanya sai zuciyar ɗan aike da ta amarya suka haɗu. Shekara fiye da 600 ke nan da wasu hannaye suka zauna suka ba da labarin jarumtar wannan saurayi da allura, kuma har yau ɗinkin bai warware ba.

Ga wani hanzari ba gudu ba. Haske yana cin launin yadi, saboda haka ba a barin tsofaffin ɗinki a waje kullum, ana sauya su ne lokaci-lokaci, mafi yawansu kuma suna cikin taska. Amma a 2025 wannan gida ya buɗe wata babbar ma'ajiya a unguwar Stratford da ke gabashin Landan, mai suna V&A East Storehouse, inda kowa zai iya neman a fito masa da kaya har guda 5 ya duba su kusa da kusa, kuma kyauta. Sharaɗin shi ne ki nema ta intanet tun da sauran makonni. Ke nan tun kina gida kafin ki hau jirgi ya kamata ki zaɓi abin da kike son gani.

A wannan gida ne aka yi wani gagarumin baje kolin barguna a 2010, inda aka aro wani bargo daga Ostareliya da ake kira bargon Rajah. Labarinsa akwai ban tausayi. A 1841 aka ɗebi mata fursunoni kimanin 180 daga Ingila a jirgin ruwa mai suna Rajah zuwa tsibirin da yau ake kira Tasmaniya. Wata ƙungiyar mata da Elizabeth Fry ta kafa ta ba su allura da zare da ƙyallaye don su sami sana'ar riƙe kansu. Kafin jirgi ya isa, wasu daga cikinsu sun haɗa bargo mai ƙyalle 2,815. Matan da aka raba da iyaye da 'ya'ya, a tsakiyar teku, jirgi yana tangaɗi, amma suka fitar da abin da yau ƙasa guda take alfahari da shi. Yana birnin Canberra, ba za ki same shi a Landan ba, amma ki riƙe labarinsa a ranki duk ranar da kika ji kasalar ɗinki.

Kafin ki bar Landan ki leƙa British Museum, shi ma kyauta ne, ki nemi sashen Afirka. A cikin kayansu akwai lifidin doki daga Sudan na ƙarni na 19, haɗin ƙyalle mai launi-launi, akwai kuma manyan riguna na ƙasarmu masu aikin hannu. Idan kika ga yadda baƙi ke tsayawa suna ƙare wa kayan Afirka kallo, za ki daina raina aikin ɗinkin unguwarku.

Gidan Marubuciyar Soyayya

Daga tashar Waterloo jirgin ƙasa zai kai ki garin Alton cikin awa ɗaya da 'yan mintuna, daga nan ƙauyen Chawton ba nisa. A nan ne gidan Jane Austen yake, marubuciyar nan ta littafin Pride and Prejudice da ya fito a 1813. Ta zauna a gidan daga 1809 har zuwa 1817, shekarar da ta rasu. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, hannun da ya rubuta littattafan nan ya iya allura. Ita da yayarta Cassandra da mahaifiyarsu sun haɗa wani lulluɓin gado na ƙananan ƙyallaye masu siffar lu'ulu'u, dubbai, da kwandon furanni a tsakiya. A wata wasiƙa ta 1811 har tana tuna wa yayar tata ta tattaro musu ƙyalle domin aiki ya tsaya. Kin ji fa, mace mai suna a duniya tana roƙon ƙyalle kamar yadda kike zuwa wurin telan layinku. Ki tsaya ki lura da yadda suka jera launukan, na hagu ya yi daidai da na dama. Wannan darasi ne da ba a sayarwa a kanti.

Bath, York Da Birmingham

Idan kina da kwana ɗaya na sarari, ki hau jirgi daga tashar Paddington zuwa Bath, ƙasa da awa ɗaya da rabi. A bayan garin, kan wani tudu, akwai American Museum da aka buɗe a 1961, mai barguna na Amurka fiye da 200. A nan za ki ga aikin mutanen Amish, waɗanda ba sa amfani da yadi mai zane ko kaɗan, sai launi zalla, ja da shuɗi da baƙi, amma in kin gani sai kin riƙe baki. Ana biyan kuɗin shiga, kuma ki tabbatar da ranakun buɗewarsu kafin ki kama hanya.

Game da York kuwa gargaɗi zan yi miki. Tsofaffin littattafan jagora suna cewa akwai gidan tarihin barguna a can. An yi shi, amma an rufe shi tun 2015. Ƙungiyar maɗinka ta Quilters' Guild, wadda aka kafa a 1979, ita ke riƙe da kayan, tana kuma fito da wasu a lokutan baje koli. A hannunta ne wani lulluɓin siliki yake, wanda mai ɗinkinsa ta sa shekarar 1718 da haruffa biyu, E da H, a jikinsa. Shi ne haɗin ƙyalle mafi tsufa a Birtaniya da ke ɗauke da shekararsa. Garin York yana da kyau, amma kada ki kashe kuɗin jirgi don gidan da babu shi.

Wadda tafiyarta ta faɗo a ƙarshen Yuli ko farkon Agusta, ita ce ta yi sa'a. A lokacin ne ake yin Festival of Quilts a babban zauren NEC da ke Birmingham, kwana 4, kuma tun 2003 ake yin sa. Babu taron maɗinkan bargo da ya kai shi girma a Turai. Barguna na gasa a rataye layi-layi, rumfunan 'yan kasuwa ɗaruruwa, ga azuzuwan koyarwa. Tashar jirgin Birmingham International tana manne da zauren. Ki sa takalmi marar tsini, ki tafi da ruwa da ɗan abin taɓawa, kuma ki zagaya sau ɗaya hannu a naɗe kafin ki sayi ko da allura.

To, Yanzu Sai Kasuwa

Ido ya ƙoshi, sai a waiwayi jaka. Titin Goldhawk Road da ke unguwar Shepherd's Bush a yammacin Landan shi ne Kantin Kwarin masu ɗinki, duk da bai kama ƙafar Kwari a girma ba. Kina fitowa daga tasha za ki ga shagunan yadi a jere hagu da dama. Auduga, siliki, lilin, ulu, duk akwai, kuma farashin da sauƙi in an kwatanta da tsakiyar gari. Idan kin sayi da yawa kina iya neman ragi cikin ladabi, amma ba irin cinikinmu na raba kuɗi biyu ba. Ki tambayi kwandon ragowar yadi, domin mai bargon haɗi ragowa take nema.

Sai kantin Liberty, wanda Arthur Liberty ya kafa a 1875. Gininsa na yanzu da ke Great Marlborough Street an kammala shi a 1924 da katakon wasu tsofaffin jiragen ruwan yaƙi guda 2, shi kansa abin kallo ne. Sanannen yadinsu shi ne Tana Lawn, auduga mai laushi kamar siliki mai ƙananan furanni, kuma sunan daga tafkin Tana na ƙasar Habasha ya samo asali. Yana da tsada, ba ɓoye-ɓoye. Dabara ita ce ki sayi 'yan ƙananan yanka da suke ɗaurewa tare, ki sa su a tsakiyar bargonki, ki kewaye su da yadi mai sauƙin kuɗi. Gishiri ne, ba a cika tukunya da shi.

Kusa da tashar Liverpool Street kuma, a titunan Middlesex da Wentworth, nan ne shagunan leshi da atamfa da mutanenmu suka saba zuwa. Ki je ki sha kallo, amma ki tuna atamfa kam kin baro ta a gida. Mai hankali tana sayen abin da babu a garinsu ne.

Ki kula da awo. A can da mita ake sayarwa, ba da yadi ba. Yadi inci 36 ne, mita kuwa ta ɗan haura inci 39. Audugar bargo yawanci faɗinta inci 44 ne. Za ki kuma ji suna cewa fat kwata. Wannan rabin mita ne aka raba biyu, ya ba da yanki kusan santimita 50 da 55, wanda ya fi siririn yanka amfani. Ki nemi auduga zalla, ki duba gefen yadi ko takardar jikin sanda, domin mai haɗi da roba yana santsi a keke kuma ba ya ɗaukar guga. Ki riƙe ɗan littafi da kika manna ƙyallayen da kike da su a gida, ki riƙa gwada launi a bakin ƙofa cikin hasken rana, saboda fitilar kanti maƙaryaciya ce. Idan kin dawo kuma ki wanke kowane yadi daban kafin ki yanka, musamman ja da shuɗi. Ƙyalle ɗaya mai zuba ya isa ya ɓata aikin wata shida.

Ƙasar Ulu

Masu kibiya da kwarashi, ban manta da ku ba. Ulu shi ne ya fara azurta Ingila, har ta kai a majalisar dattawansu kujerar shugaba wani ƙaton matashi ne da aka cusa wa ulu, don kada a manta da asali. Suna da jinsin tumaki fiye da 60, kowanne da irin gashinsa. Cibiyar wannan sana'a ita ce yankin Yorkshire, musamman Bradford. Daga tashar King's Cross zuwa Leeds awa 2 da 'yan mintuna ne, daga Leeds kuma ƙaramin jirgi zai kai ki Saltaire cikin kamar minti 15. Wani attajiri mai suna Titus Salt ne ya buɗe wata ƙatuwar masaƙa a nan a 1853, ya kuma gina wa ma'aikatansa gari sukutum, da gidaje da makaranta da asibiti. Masaƙar ta daina aiki a 1986, a 2001 kuma UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya. Yau ginin ya zama wurin zane-zane da kantuna. Idan injinan kaɗi da saƙa kike son gani, sai ki nufi Bradford Industrial Museum.

Can ƙuryar arewa kuma, a ƙasar Sikotland, akwai tsibiran Shetland, tafiyar dare guda a jirgin ruwa daga Aberdeen, awa 12 ko fiye. Matan can sun shahara da saƙa wani mayafi na ulu, siriri kamar yanar gizo-gizo, wanda duk girmansa ake iya zura shi ta cikin zoben aure ya fita. Tun 2010 suke yin makon ulu a ƙarshen Satumba, masauki kuma yana ƙarewa tun da watanni. Tafiyar da nisa da tsada, amma zarensu ana samunsa a shagunan saƙa na manyan birane.

Wurin sayen ulu, takardar da ke jikin dunƙule ita ce malamarki. Tana faɗin nauyi, giram 50 ko 100, da tsawon zare, da lambar kibiyar da ta dace, da kauri, wato 4-ply siriri, DK matsakaici, Aran mai ɗan kauri. Akwai kuma lambar rini. Launi ɗaya ne, amma in tukunyar rini ta bambanta za ki ga layi ya fito a tsakiyar rigarki, saboda haka ki sayi duk abin da za ki buƙata a lokaci guda, lamba ɗaya, ki ƙara dunƙule ɗaya na ko-ta-kwana. Rigar jariri dunƙule 2 zuwa 3 na giram 50 take ci. Ki duba ko ulun tumaki ne ko zaren roba, domin irin na roba yana nan a kasuwarmu, ba sai kin yi masa dako ba. Kuma ki tuna da garinmu: sanyinmu na 'yan watanni ne, don haka siririn ulu ya fi mana amfani. Ulu na gaske ba ya son ruwan zafi da cuɗa, yana takurewa ya zama kamar hular dara. Ki wanke da ruwan sanyi, ki shimfiɗa a inuwa, ki ajiye da kafur saboda asu.

Kafin Ki Rufe Akwati

Mafi yawan jirage kilo 23 suke yarda wa kowane akwati, kuma yadi yana da nauyin ɓoye, mita 6 na auduga sun kusa kilo 1. Ulu ba nauyi, cin wuri ne da shi, sai ki sa shi a leda mai zuƙe iska. Audugar ciki kada ma ki saya, ana samu a gida. Abin da ya cancanci kuɗinki shi ne kayan aiki: wuƙar yanka mai taya, da tabarmar yanka, da rula mai awo a jiki, da allurai masu kyau. Wuƙar da almakashi a babban akwati za ki sa, in kika bar su a jakar hannu ana iya karɓe su a filin jirgi. Kada ki yi lissafi da cewa za a mayar miki da kuɗin haraji a filin jirgi kamar da, an soke wannan tsari a Ingila tun farkon 2021. Bas ɗin Landan ba ya karɓar tsabar kuɗi, sai kati. Ranar Lahadi manyan kantuna awa 6 kawai suke buɗewa, ƙananan shaguna da yawa kuma a rufe suke. Tikitin jirgin ƙasa in kin saya tun da wuri ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. A gidan tarihi kuma ba a taɓa yadi, ba a kunna walƙiyar kyamara, amma babu mai hana ki zama da fensir ki kwafi zane a littafinki.

Ke kuma da ba ki da ko fasfo tukuna, kada ki ce wannan zance ba naki ba ne. Hotunan kayan V&A suna intanet kyauta, da wayarki za ki iya ganin bargon Tristan yau ɗin nan. Ƙyalle kuwa, babu ƙasar da ta fi mu. Kowace salla teloli suna share buhu-buhu na atamfa da shadda, launukan da maɗinkan can suke biyan fam su saya. Ki roƙi buhu ɗaya, ki ware auduga daban, ki yanka murabba'i masu inci 5, ki fara da ɗan bargon jariri ko rigar matashi. In hannu ya faɗa, sai ki ɗinka wa ƙawarki lulluɓin gado na gudunmawar aure da ragowar ankon bikinta. Wasu za su kawo kwanuka iri ɗaya, naki kuwa babu mai irinsa.

Idan kin gama, ki ɗinka sunanki cikakke da garinku da shekara a kusurwar baya. Baiwar Allahn nan ta 1718 haruffa biyu kawai ta bari, shekara 300 ana kallon aikinta ana yabawa, amma ba a san wace ce ita ba. Ke kada ki yi wa kanki rowar suna. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.